Farin Zanin Gado a Baranda

Walida ta matse farin zanin gadon 'yarta Ulfa a bokiti, ta fita baranda ta shanya shi. Ruwan banɗakin maƙwabtan sama ne ya sake ɗigowa ta silin. Bangon ɗakin ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, yarinyar kuma duk numfashin da ta ja sai ƙirjinta ya yi ƙugi. Likita ya ce muddin tana kwana cikin danshin nan, magani ba zai yi komai ba.

Benen da suke zaune na hukumar birni ne, a unguwar Sentul, can ƙasar waje inda aure ya kai ta. Mijinta ɗan ƙasa ne, shi ya sa suka samu. Tun kafin korona kotu ta umarci hukumar ta gyara bututun, sai annoba ta zo ta rufa wa malalata asiri. Kowa ka kira, bakinsu ɗaya: an hana shiga gidajen mutane.

A shekarar, duk wanda yunwa ta ci ƙarfinsa farin ƙyalle yake ratayawa a waje don a kawo masa ɗauki. Walida sam ba ta kawo wannan a ranta ba.

Kafin la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Encik Hassan ne, wato Malam Hassan a yaren ƙasar, jami'in gidajen da bai taɓa ɗaga wayarta ba, ya ɗaura takunkumi har biyu. Bayansa ga mai ɗaukar hoto rungume da buhun shinkafa.

"Hajiya, mun ga tutarki. Hukuma ba ta barin kowa da yunwa."

"Ba tuta ba ce, yallaɓai. Zanin 'yata ne, ruwan masai ya jiƙa. Tunda Allah ya kawo ka, shigo ka ga ɗakin."

Ya ja da baya kamar ta miƙo masa garwashi.

"Ba boleh, lah, ba zai yiwu ba. Doka ta hana. Batun gyara yana gaban kwamiti."

"Wanne kwamiti ne ya fi alƙali?"

Sai ya durƙusa kusa da buhun, ya ɗaga babban yatsa, aka ɗauki hoto. Ulfa ta sarƙe da tari a ciki, mai hoton ya sunkuyar da kai. Walida ta ji ko tsaki ta yi wa jami'in nan ta girmama shi.

Ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya kama hanya. Har ya kai bakin matakala ya waiwayo.

"Shinkafar nan mai kyau ce, Hajiya. A ajiye ta inda babu danshi."