Man Hiba a Ruwan Wankan Genzo

"Cokali ɗaya kawai, Mizuho. Ba kwalbar duka nake nema ba."

Inna Sakae ce a bakin ƙofa, dusar ƙanƙara tana narkewa a kan ɗankwalinta. Mizuho ta dawo daga jami'a ke nan, ko takalmi ba ta cire ba. Ta san abin da ya kawo maƙwabciyar tasu. Mijinta, Baba Genzo, yana kwance tun shigowar sanyi, kwanciya ta fasa masa gyambo a baya, maganin asibiti kuma ya daina cin ƙwayoyin cutar da ke ciki.

"Inna, ba a taɓa gwada shi a jikin mutum ba. Sai a farantin gwaji, sai a kan ɓeraye."

"To ai ya fi ɓera ƙarfi."

"Ba zan iya ba."

Tsohuwar ta dube ta, ta gyara ɗankwalinta, ta juya.

Man da ke cikin kwalbar, asalinsa na Baba Genzo ne. Genzo ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana turara diddigar itacen hiba a bayan injin katako, yana tarar man da ke ɗiga. Duk yankinsu na Aomori an san man yana kashe ƙwayoyin cuta, amma tsagwaronsa yana ƙona ciwo, in an zuba shi a ruwa kuma sai ya taso sama. Aikin Mizuho shi ne ta farfasa shi ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, kowanne a lulluɓe, yadda zai shige ruwa ya isa cikin ciwo a hankali. Mazan ɗakin binciken sun yi mata dariya, wai ta kawo musu maganin kyankyason kakanni. Ta kwana da sanyi, ta zubar da abin da ya lalace, ta sake, har ruwan ya fito garau. Abin da ya rage izinin gwaji ne. In ta saci hanya abin ya ɓaci, za a rufe aikin, wataƙila kuma ita ce za ta gaggauta tafiyar tsohon.

Washegari ta shiga gaishe shi. Ɗakin yana warin ciwo duk da turaren da aka kunna. Yana kwance ta gefe a kan katifa a ƙasa, fuskarsa na kallon taga.

"Malama ta iso," in ji shi. "An ce ɓera ya fi ni gata a wajenki."

"Ɓeran ba ya gardama da likita, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sakae ta ajiye mata shayi ba tare da ta dube ta ba.

"Yaushe za su yarda?"

"Bazara, in an yi sa'a."

"Bazara." Ya dubi tudun ƙanƙarar da ya kai rabin taga. "Rabu da ita, Sakae. Tun tana goye take da taurin kai, shi ya sa na ba ta man. Ke kuma Mizuho, in na tafi ki zuba mini a ruwan wanka. Gawa ba ta neman izinin kowa."

"Baba, daina wannan magana."

"So nake in ji ko da gaske ba ya zafi."

Kullum ta dawo sai ta leƙa. Ta koyi juya shi, ta koyi sauya ƙyallen ciwon. Kwalbar tana cikin jakarta a duk zuwan nan. Sau da yawa hannunta ya kai kanta, ta janye. Sakae ba ta sake roƙo ba, kuma ba ta sake kiran sunanta ba.

Ya rasu da hantsi, ƙanƙara ba ta ko fara narkewa ba.

Da Mizuho ta shiga, an riga an ajiye baho a tsakiyar ɗaki. Sakae ta fara zuba ruwan sanyi, sannan ta bi shi da na zafi, yadda ba a yi wa mai rai. Mizuho ta durƙusa ta fito da kwalbar. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Yanzu kika kawo," in ji tsohuwar.

"Shi ya ce."

"Na ji lokacin da ya ce." Ta taɓa ruwan da yatsa. "Da kin ba ni, da ya tashi?"

"Ban sani ba, Inna."

Ba ta sani ba, kuma babu gwajin da zai gaya mata. Ta ɗauko cokali.

"Ajiye cokalin nan, Mizuho. Juye duka."

Ta juye. Ruwan ya ɗan yi fari, ya koma garau, ko ɗigon mai bai taso ba. Ƙamshin katako sabon yanka ya cika ɗakin, irin wanda Genzo yakan shigo da shi a rigarsa da yamma. A al'adarsu da ƙafa ake fara wankan gawa, amma Sakae ta matse tsumma ta ce, "Kama mini kafaɗarsa." Suka juya shi a hankali, ta ɗora tsumman a bayansa, ta bar hannunta a wurin.