Hannun da ke Bayan Labule

Mota ce ta karya mini cinya. Aka ɗaure ƙafar da igiya, aka rataya mata nauyi, aka ajiye ni a gadon kusa da taga a ɗakin maza na asibiti. Ni direba ne, idona ya saba da kallon hanya. Da aka raba ni da hanyar sai na koma kallon maƙwabcina.

Tsoho ne mai ɗinkin takalma. Ƙusa ya taka a shagonsa, ya raina ciwon, ya naɗe da tsumma ya ci gaba da aiki, alhali yana da ciwon suga. Kafin a kawo shi tafin ƙafar ya zama gyambo, warinsa kan riga shi gaisawa da mutane. Likita ya duba, ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in ana wankewa kullum ana yanke ruɓaɓɓen naman, mai yiwuwa ƙafar ta tsira. In ba haka ba, daga ƙasan gwiwa za a cire ta.

Da safe wata ma'aikaciyar jinya ta turo keken kayan wanki. Tsohon ya janye ƙafarsa cikin zane.

"Wajen likita na zo. Ba mai rabon ƙwayoyin da za ta taɓa ni."

"Baba, aikinmu ne wannan."

"Auta, ko ke ba ki isa ba, balle wata."

A nan na gane 'yarsa ce. Mu muna kiranta Sista, shi yana kiranta Auta. Daga baya ya ba ni labarin, har na haddace shi don maimaici: ya so ta zama likita, maki kaɗan ya hana, ta ɓige da gyaran gado da kwashe fitsarin mutane. Yana faɗa tana tsaye a wajen tana auna mini zafin jiki, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Likita kuwa mutum ɗaya ne a kan ɗakuna da yawa, ga tiyata, ga masu layi a waje. Sau ɗaya ya zauna ya wanke gyambon da kansa. Tsohon ya leƙa, ya ga abin da ke cikin ƙafarsa, ya sume. Daga ranar aka riƙa gitta masa ɗan koren labule a kan ciki, kansa a can, ƙafarsa a nan. Auta ta samu ƙofa.

Ga yadda suke yi. Likita zai shigo da fara'arsa, ya ce, "Baba, ya ƙarfin jiki? Bari mu ga ƙafar nan." A ja labule. Ya sunkuya ya duba da gaske, ya yi wa Auta magana ƙasa-ƙasa, sai ya sulale ta bayan gadona ya wuce ɗaki na gaba. Ita kuma ta ja kujera, ta rufe hanci da baki, ta sa safar hannu. Gadona ne kaɗai yake ganin gaba da bayan labulen, don haka na zama shaidar da ba wanda ya gayyata.

Aikin ba na mai ƙyanƙyami ba ne. Sai ta jiƙa tsohon bandejin ya saki da kansa, ta bi gefen gyambon da ɗan almakashi tana tsince mataccen nama kamar mai tsintar tsakuwa a hatsi. Wani lokaci har bayanta ya sage, ta miƙe ta dafa ƙugu, ta koma. Kafin ta zuba maganin da ke da raɗaɗi, takan ɗora tafin hannunta a ƙwaurinsa, ta danna, ta jira har ya sauke numfashi. Sannan ta zuba. Ba ta cewa uffan.

Tsohon kan yi surutunsa daga can. "Likita, yau ya ka gan ta?" Shiru. Sai ya juyo wajena ya kashe ido. "Ka ga babban ma'aikaci, ba ya haɗa aiki da hira."

In ta gama sai ta tura keken waje, ta wanke hannu, ta dawo da ƙwayoyinsa da kofin ruwa.

"Kina ina aka yi aikin? Da kin tsaya kin ga hannu. Mutumin nan kafin ya zuba wutar nan sai ya dafa ni, kamar yana neman izini. Irin wannan ba a makaranta ake samu ba, baiwa ce."

"Haɗiye, Baba."

Ran nan da ya yi barci na ce mata, "Sista, yaushe za ki gaya masa?"

"In naman ya cika."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan."

"In ya sani yau, gobe zai ɓoye ƙafar. Malam direba, ɗaga hannu in sa maka ma'aunin zafi."

Shi ma likitan, a yi masa adalci, abin ya dame shi. Wata safiya ya ce, "Baba, ka riƙa gode wa masu jinya, su ne ke ɗawainiyar ƙafar nan." Yana fita tsohon ya girgiza kai cike da sha'awa. "Ka ji manya? Ba sa yabon kansu."

Sannu a hankali warin ya ɗauke, gyambon ya yi ja, ya fara tsukewa. Aka daina zancen yanka. Tsohon ya sa matarsa ta kawo masa fata da zare da basilla daga shago, ya zauna a kan gado yana ɗinka wa likita takalmi. Bai tambayi lambar ƙafarsa ba, ya ce idonsa ya riga ya auna. Gaskiya ne kuwa, duk wanda ya shigo ɗakin ƙafarsa yake fara kallo kafin fuska. Ni har nawa da ke ƙarƙashin gado, waɗanda ba ranar sa su, sai da ya kushe. Na Auta ne kawai ban taɓa jin ya tanka ba, wasu farare na roba da take yini a tsaye a kansu.

Ranar sallama aka kira likita tiyata tun da sassafe. Dole a yi wankin ƙarshe a gaban matar tsohon, don ita za ta ci gaba a gida. Ya yi gunaguni, sannan ya haƙura.

"To, tunda abin da ya rage kaɗan ne, Auta ta gwada. Ku ɗauke labulen nan, in ga aikin likita da idona. Ke kuma ki bi a hankali, kada ki ɓata masa."

Ta zauna. Ta jiƙa bandejin ya saki, ta share gefen, tana yi wa uwarta bayani. Da ta ɗauko kwalbar maganin, hannunta ya tafi inda ya saba. Ta dafa ƙwaurinsa, ta danna, ta jira.

Tsohon bai sauke numfashin ba. Ya kafa wa hannun ido, ya ɗago ya dubi fuskarta, ya sake komawa kan hannun. Ni har na manta da tawa ƙafar. Na ce a raina yau dai zan ji abin da na daɗe ina jira.

"Ashe ya koya miki," in ji shi.

"Eh, Baba."

"To ki riƙe da kyau. Zama kusa da manya ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Haushi ya kama ni sosai, amma ba ubana ba ne. Ta zuba maganin, ta naɗe ƙafar, ta manne bakin bandejin. Ya zaro takalman daga ƙarƙashin matashi, baƙaƙe, suna ƙyalli, ya goge su da hannun riga ya miƙa mata.

"Ki kai masa. Ki ce in ji mai ƙafa."

Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a kan keken, ta juya. Ya bi ta da kallo har ta kusa ƙofa, idonsa a ƙasa, a kan fararen takalmanta.

"Auta."

Ta tsaya.

"Dunduniyar na hagun nan ta tsage. In kin tashi aiki ki biyo da shi, in liƙe miki."