Hoton da ke Bayan Hoto

Shekara ashirin da tara Baba Masinja ya yi a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, saura wata bakwai ya ajiye aiki ya fara cin fansho. Cikin ayyukansa har da rataya hoton gwamna a ofishin darakta. Yana da dabararsa: idan sabon gwamna ya hau, ba ya cire tsohon hoto daga firam, sai ya ɗora sabon a kansa, don takarda ɗaya tal ba ta jure damshin bangon nan, lanƙwashewa take yi.

Da aka bayyana sakamakon zaɓe, jam'iyyar da ta shekara goma sha shida tana mulkin jihar ta sha ƙasa. Darakta, wanda ya yi wata uku yana raba hulunan tsohuwar jam'iyya a ofis, kafin Litinin har ya sake hula, ko kunya babu. Shi kuwa Baba ya goge gilashi, ya ɗora sabon gwamna a kan na da, ya rataya.

Ranar da sabon kwamishina ya zo zagaye, sai ya ga hoton ya ɗan karkace. Ya kai hannu zai gyara, ƙusa ta zame, firam ya faɗi, bayansa ya buɗe. Ga gwamnan da aka kayar kwance a kan kafet yana murmushi, wasu uku a ƙarƙashinsa.

"Wa ya ɓoye wannan a nan?" in ji kwamishina.

Darakta ko yawu bai tsaya haɗiya ba. "Ranka ya daɗe, dama mun jima muna zargin tsohon nan. Ɗan tsohuwar gwamnati ne."

"Yallaɓai, wallahi saboda damshi ne," in ji Baba. "Ni ko katin jam'iyya ban taɓa yanka ba."

Wa zai saurari masinja? Ranar Laraba aka miƙa masa takardar kora, ba fansho, ba na gode. Ya fice ko maigadi bai yi wa sallama ba.

Ya koma gida da hotunan huɗu a leda, don an ce ya kwashe shararsa. Matarsa ta baje su a tabarma, ta daɗe tana kallo.

"Malam, duk ƙurar da ka goge musu, wanne ne a cikinsu ya san sunanka?"

Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Babu," ya ce.