Tanti a Ɗakin Baba

Tun da muka rufe Inna Mannana muka sauko da Baba daga ƙauyenmu na kan dutse zuwa birnin Titwan, bakinsa ya mutu. Mutumin da idan ya daka tsawa a gona har ƙauyen gaba ana jin sa, sai ga shi a hawa na uku ya juya mana baya, ya zuba wa bango ido. Abinci kuwa, ya taɓa ya ture. Tsohuwar jallabiyarsa ta ulu ma ya hana in wanke, da na kai hannu sai ya ƙanƙame ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na shiga kicin na sha kukana. Likita ya duba shi tsaf ya ce bai ga ciwo ba, amma in aka ci gaba a haka, tsohon nan ba zai kai lokacin sanyi ba.

Yayana Ayyashi ne ya zo da dabara. Ayyashi fa! Direban bas, wanda ya bar dutse tun yana yaro, wanda in aka tambaye shi sana'ar ubansa sai ya ce noman zaitun. Kowa a ƙauyenmu kif yake nomawa, wiwi ke nan, da shi aka ciyar da mu aka kai mu makaranta, amma shi ko sunan ba ya son ji. Shi ne ya shigo wata rana da doguwar jaka a kafaɗa yana haki.

"Mene ne wannan kuma?" na ce.

"Tanti."

"Au, Mina za mu?"

"Batul, rage murya mana. Gonarsa yake kewa. Tushe ɗaya tak zan shuka masa ya riƙa gani."

"A gidan haya? Yaya, lafiyarka ƙalau kuwa? In wari ya kai matakala aka kira mana hukuma, ka rasa bas ɗinka, ni kuma a bar ni da kai abinci gidan yari?"

"To kawo taki dabarar."

Ba ni da ita. Haushinsa ya kama ni, haushin kaina ma.

A kusurwar ɗakin Baba ya kafa abin. Baƙi ne, tsayin firji, cikinsa yana ƙyalli, ga fitila a sama ga 'yar fanka tana wuiii. Irin kuwa wani ɗan kawunmu ne ya aiko daga dutse. Ayyashi bai taɓa raya ko albasa ba. Sai ya jingina waya da butar shayi, wani Bature mai gemu yana ta surutu a ciki, shi kuma yana gyaɗa kai kamar yana gane abin da ake faɗa. Ya tsaida bidiyon, ya leƙa tukunyar robar da ya shuka irin a ciki, ya sake kunnawa. Wallahi da ba don halin da muke ciki ba, da na yi dariya har na faɗi.

Ranar da abin ya tsiro, ya zuge zif ya ce, "Baba, dubi." Baba ya waiga, ya kalla, ya koma ga bangonsa. Na ga yadda kafaɗun Ayyashi suka sauka, tausayinsa ya kama ni, na fasa baƙar maganar da na tanada.

Amma bayan 'yan kwanaki na shigo da shayi na tarar da takalman Baba a bakin tantin, ga ƙasa a faratansa. Ranar ya ci rabin burodi da man zaitun. Washegari ya sha miya. Ni da na rantse ba ruwana da shukar nan, sai ga ni ina tashi da tunaninta. Ran ubana ne a cikin tukunyar roba, ina zan zuba ido? Kullum da hantsi, idan Baba ya shiga bayi, sai in lallaɓa in tsiyaya mata ruwa kofi guda, ban gaya wa kowa ba.

Sai ganyen ya fara langaɓewa. Na ce ƙishi ne, na ƙara. Ya koma rawaya, na ƙara. Mu mutanen dutse ne, mun tashi muna kallon sama muna roƙon ruwa. Ban taɓa jin an ce ruwa ya yi wa shuka yawa ba.

Wata Juma'a da safe muka same ta kwance a kan ƙasa, gindin ya ruɓe, tukunyar tana tsami. Ayyashi ya zauna daɓas, ƙaton mutum da furfura a gemu, idonsa ya yi ja.

"Yadda Baturen ya ce haka na yi," ya ce. "Kullum in na dawo aiki sai na ba ta ruwa."

Na juyo na dube shi. "Kai ma?"

"Kamar yaya ni ma? Batul! Ke da kika ce ba ruwanki?"

"Kar ka ɗaga mini murya! Ni na ce ka kawo mana masifa gida?"

"Har da ni."

Muka juya. Baba ne. Muryar ta dushe, amma tasa ce.

"Da butar alwala," ya ce. "Bayan kowace salla."

Ayyashi ya rarrafa gabansa ya kama hannunsa. "Baba, ka yi haƙuri. Gobe zan aika a kawo wani irin. Wannan karon zan iya, na rantse."

"Kar ka kawo. Wa ya ce muku kewarsa nake? Ganyen da ya sa na tsufa ina gudun jandarmomi, ina kwana a jeji kamar dila? Don ku ci na shuka shi, ba don ina son sa ba."

"To me kake zuwa yi a tantin?" na ce.

"Ƙasa. Tun da kuka hawo da ni saman nan ban ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba."

Ya kai hannu cikin hular da ke ɗinke a wuyan jallabiyar, ya zaro wani ƙyalle a ƙulle. Na gane shi nan take, gefen ɗankwalin Inna ne. Ya kwance a hankali. Irin wake ne, manyan nan da muke miyar bisara da su, sun bushe ƙayau.

"Na uwarku ne. Duk shekara sai ta roƙe ni ɗan fili a bayan gida, ni kuma in ce kif ya cinye wurin, ta bari sai baɗi. Bara ma haka na ce mata." Ya jujjuya su da yatsa. "Ta ce to, Allah ya kai mu."

Fankar kawai ke ta wuiii.

Can ya ɗago ya nuna tantin da haɓa. "Wannan fitilar taku, tana raya wake?"

Ayyashi ya fara lalubar waya.

"Ajiye Baturen nan," in ji Baba. "Ni ma ban sani ba. Mu gwada. Zubar da wannan taɓon ka samo busasshiyar ƙasa. Ruwa kuma mutum ɗaya ne zai riƙa bayarwa, kun ji ko? Ku biyun nan sai ku nutsar da kifi."

Na gudu kicin don kar su ga fuskata. Ina jin su, yana ce wa Ayyashi wawa, ba haka ake riƙe tukunya ba, Ayyashi kuma yana ta "to Baba, to Baba" cikin muryar mai dariya da kuka. Na ɗora bisara, garin sauri har gishiri ya zarce.

Da na kawo, ya kai cokali ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Ta uwarki ta fi," ya ce.

Ya shanye, ya suɗe kwanon da burodi, ya miƙo mini in ƙara.