Likkafanin Jinjiri

"Ba ni badawa," in ji Tasalla. "Ko tashi za ka yi daga shimfiɗar ga ka taka rawa, ba ni badawa."

Tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ruwan da ya kwanta a jinka yana ɗiga mata a kafaɗa. Jinjiri na kwance a kan buzunsa, ciwo ya ci shi har rigar da ke jikinsa ta koma kamar ta aro. Idanun ne kawai ba su canza ba, suna nan da dariyarsu, kuma su suka fi ƙona mata rai.

"Haba Tasalla. Yaron shina zaure tun hantsi. Da mi kike so a rufe shi?"

"Da abin da za a rufe ka in naka ya zo."

Yaron da ake magana Usaini ne, mijin Zinariya jikar Jinjiri. Kububuwa ce ta sare shi a gonar gero jiya, yau da safe ya cika. Ba shi da kowa a Zakka. Jinjiri ya tsinto shi a hanyar fatauci, ya sa shi korar jakuna, da ya ga hankalinsa ya ba shi jikar da ya fi ji da ita. Daga ɗakin baya ana jin kukanta, ya dushe don daɗewa.

Tasalla taubashiyar Jinjiri ce, kuma danga ɗaya ta raba gidajensu tun mijinta Mamman yana da rai, don haka ba ta tauna masa magana. Ta san shi tun yana da jaki ɗaya, har ya zama falken da ake lissafi da shi daga Batsari zuwa Birnin Katsina, yana kai kanwa da gishiri ya dawo da rinannun zannuwa. Ko shekarun da mahayan Maraɗi suka hana mutane sakat a hanya bai fasa ba. Neman ya iya, riƙon ne Allah bai ba shi ba. In ya sauke kaya rabin unguwa sai ta lasa, jikoki kuwa tun daga bakin gari suke taryensa, don sun san aljihunsa ba ya rabo da dabino. Zinariya da ta tashi marainiya a kan jakinsa ta girma, tsakanin mangaloli, yana kiranta amaryarsa.

Duk wannan bai dami Tasalla ba, dukiyarsa ce. Abin da ya ci mata tuwo a ƙwarya shi ne zugu. A Zakka duk dattijon da ya san ciwon kansa yakan tanadi zugunsa, farin ƙyallen saƙa da za a yi masa likkafani, ya adana tun da sauran ƙarfinsa. Na Jinjiri ita ta kaɗa zaren da hannunta, Labaran masaƙi ya saƙa. Na farko ya ba wani Bafillace da ya mutu a bakin rijiya. Ta yi na biyu, ya tafi da wata makauniya. Na uku ma a bakin mata ta ji an bayar, har yau ba ta san wa aka rufe da shi ba. Da ta gama na huɗu, yatsunta sun riga sun fara ƙagewa, rani biyu ta kwashe a kansa, sai ta rantse ba zai kwana a gidansa ba. Ta naɗe shi ta sa a tukunya a ƙarƙashin gadonta, kusa da nata na kanta da ta tanada tun rasuwar Mamman, ta barbaɗa tazargade saboda gara.

"Ka dubi kanka," ta ce. "Kunu ma sai an tallabe ka. Ɗanka Armaya'u ya tahi Batsari da kaya, gulbi ya kawo ya tsare shi a ƙetare. Ba fari ko kamu ɗaya a gidan ga, sai baƙaƙe. In ka bada wanga, shi ke nan fa."

"Kina jin ta?" Ya ɗaga yatsa wajen ɗakin baya. "Uwa ba ta da, uba ba ta da. Yau miji ya tahi, kuma ta ga an naɗe shi a tsumma a gidan kakanta? Ina numfashi?"

Takaici ya kama Tasalla, don ta san gaskiya ya faɗa, kuma ta san shi zai kwana a ciki. Ta juya fuu, ta ratsa taɓo ta shiga gidanta, ta ɗauko zugun. Ba ta ba shi a hannu ba, ta aika wa liman a zaure, ta koma ta zauna ta ƙi cin abinci.

Washegari ta tafi wajen Labaran masaƙi. Ya nuna mata masaƙarsa a gindin tsamiya, ramin ƙafa cike da ruwa.

"Iya, ko da zare a hannu sai sama ta ɗauke. Balle babu."

Ta dawo ta kakkaɓe 'yar audugar da ta rage mata, ta ɗauki mazari da alli, ta je ta zauna a bakin ƙofar Jinjiri tana kaɗi, don ya gani da idonsa. Zaren yana tsinkewa, tana ƙullawa tana tsaki. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya sa an tara masa jikoki, ya zazzage jakar dabinonsa, yana ba kowa yana tsokanarsa, wannan ya ce masa mai kunnen zomo, waccan ya ce bakinta ya fi na uwarta kaifi. Zinariya ta fito cikin zanen takaba ta durƙusa a gefensa. Ya ɓare dabino ɗaya, ya cire ƙwallon, ya sa mata a tafin hannu.

"Ci, amaryata. Kin ga kishiyarki can tana hushi da ni."

"Kaka, ka bari," in ji ta, amma ta ci. Shi ne abin da ya fara shiga bakinta tun ranar.

Ya waiwayo ga Tasalla. "Ki bar wahalar da kanki. Allah ba ya rasa abin da zai rufa bawanai."

"Na sani. Amma ta hannun wa? Hannun ga nawa da ya ƙage?"

"To ki ara mini naki mana," ya ce yana dariya, tari ya sarƙe shi.

"Nawa? Ko sarki ya aiko da dogarai ba za su ga kalarsa ba. Ni ba ɗa, ba jika. In na bayar wa zai yi mini wani?"

Zaren bai kai rabin mazari ba Jinjiri ya cika, ranar Laraba bayan azahar, ana yayyafi. Gulbi bai janye ba, Armaya'u yana ƙetare bai ma sani ba.

Nan aka shiga neman fari gida gida, nan kuma Tasalla ta ga abin da ya sa ta kusa haɗiye zuciya. Mutanen da suka ci gishirinsa suka sa zanensa, kowa ya sami abin faɗa. Wani ya ce nasa gara ta ci. Wata ta ce nata yana wajen ɗiyarta a Tsaskiya. Wani dattijo ya yi ta kuka da hawaye shaɓe-shaɓe yana yabon marigayin, da aka zo maganar zugu sai kunnensa ya toshe. Ba ta ga laifinsu duka ba, damina ce, kowa yana jin tsoron tasa ranar, amma hakan bai rage mata zafi ba.

Tana tsakar gida wajen mata ta ji muryar liman daga zaure.

"Rana tana tafiya, ba a ajiye mamaci. A ɗauko rigarsa a wanke. Ya halatta."

Aka fito da rigar za a kai bakin randa. Tasalla ta dube ta. Wuyan ya yi ja da goro, kafaɗar ta ci kanwa ta kode, aljihun ya saki saboda hannuwan yara. Mutumin da ya rufe huɗu da sabon fari, shi za a kai da wannan.

"Ajiye ta," ta ce wa mai ɗauke da rigar.

Ta bi ta ɓarakar danga ta shiga ɗakinta. Ta durƙusa da ƙyar ta jawo tukunyar, ta daɗe a durƙushe hannunta a kan murfin. "Ka ci nasara," ta ce a fili. "Mugun taubashi. Kana kwance ma sai da ka karɓa." Sai hawayen da ta hana kanta tun azahar suka zubo, ta ɗauke zugun gefe kada su ɗiga a kai.

Da ta dawo Zinariya ta ga ganyen tazargade a jikin naɗin, ta gane. Ta riƙe mata hannu.

"Iya, wannan ai naki ne."

"Rufe mini baki. Miƙa musu su ɗinka, rana na faɗuwa."

Aka kai Jinjiri kafin magariba, cikin fari tas mai ƙanshin tazargade. Likkafanin mace ya fi na namiji yawa, don haka liman ya aiko mata da abin da ya ragu. Ta ninke ta mayar a tukunya, ko gindinta bai rufe ba.

Bayan sadakar uku rana ta fito. Tasalla ta shimfiɗa tabarma a gindin danga, daidai ɓarakar da Jinjiri yakan miƙo mata goro in ya dawo daga tafiya. Ta shafa alli a yatsu ta murza mazari, ya yi juyi biyu ya faɗi. Ta ɗauka ta sake, ya sake faɗuwa. Tana cikin tsaki sai ta ji motsi a bayan danga. Hannu ya ratso ta ɓarakar, da bakin zanen takaba a wuyansa, ya ajiye sulun auduga shiɓaɓɓiya a gefen tabarmarta. Daga can ciki kuma ta ji wani mazarin ya fara juyawa a kan fata.

Tasalla ta jawo audugar, ta ƙulla zaren inda ya tsinke.