Baba a Cikin Akwati

Tun da fim ya fara magana suka kulle Baba a akwati. Kyamara tana da ƙara, makirufo kuma ba ya barin komai ya wuce, sai aka gina mata ɗan ɗaki na katako da gilashi, ba kafar iska. Baba ne ke aiki da ita. Yana da asma.

Ni ke riƙe sandar makirufo. Dokar wurin ɗaya ce: in jar fitila ta kama, wanda ya yi ko tari ya ɗauki hularsa. A Berlin ta wancan lokacin, mutum ɗari na bakin ƙofa suna jiran gurbinka.

Ran nan, tsakiyar Yuli, muna ɗaukar inda mai kisa zai amsa laifinsa gaban sufeto. Minti huɗu ba yankewa. Brenneke, wanda ke fitowa a mai kisan, ya ɓata sau tara.

Baba ya leƙo daga akwatin, rigarsa sharkaf da gumi. "Maigida, a bar ni in sha iska."

"Gottlieb, in iska kake so, tafi bakin teku," in ji Pohlmann, darakta. "Koma ciki. Kai kuma Brenneke, mutum ka kashe, ba zomo ba."

Aka rufe ƙofa. Fitila ta kama.

Wannan karon Brenneke ya samu. Muryarsa na rawa, hatta masu fitilu a sama sun daina motsi. Ni gilashin nake kallo. Baba ya cire ido daga kyamara, bakinsa a buɗe. Bai buga gilashin ba. Na san ba zai buga ba. Tafin hannunsa ya manne a gilashi, ya fara zamewa ƙasa.

Saura kamar minti ɗaya. Na ƙirga goma. Hannun ya ɓace.

Na saki sandar, ta faɗi kan teburin sufeto. Na ratsa ta gaban kowa, na fizge ƙofar, na jawo shi waje. Leɓensa ya yi shuɗi.

"Wane jaki ne wannan?" in ji Pohlmann, a hankali.

"Ɗana ne," in ji Baba, da ya samu numfashi. Ya kalle ni. "Ewald, ba ka da hankali."

Aka kawo masa ruwa. Ni aka miƙo mini hulata.