Ruwa a Cikin Taya

Ambaliyar bara ta tafi da gadar katakon da ke kan rafi, ta bar gonar gidan a tsallake, taraktar Auta kuma a wannan gefen tana cin tsatsa. Ga damina ta kawo kai. In ba a yi huɗa ba, bana gidan da yunwa zai kwana.

Yayan Auta mai walda ne, mutum mai tsantseni har ya so ya yi yawa, irin wanda zai auna ƙarfe ya sake aunawa har mai aiki ya gaji ya tafi. Shi Inna, mahaifiyarsu, ta ɗora wa aikin.

"Ka yi wa ƙanenka gada mai ƙarfi," ta ce. "Shi nake gani in ji sanyi."

"Mu kuma tsinto mu aka yi, Inna?" ya ce yana dariya.

Bai yi wa aikin riƙon sakainar kashi ba. Ya samo dogayen ƙarafa biyu daga shasin wata tsohuwar babbar mota, ya zuba ginshiƙan kankare a bakin rafin, ya shimfiɗa katako mai kauri. Ya sa Auta ya kai taraktar sikelin manyan motoci, da garmarta da komai, aka auna. Ƙarfe na uku ya so ya sa a tsakiya, ya nema har ƙafarsa ta yi kanta, bai samu ba. Wannan ya tsaya masa a rai.

"Za ta ɗauke ka, kai da tarakta da garma," ya ce wa Auta. "Amma ko buhu ɗaya kada ka ɗora. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya. Ko abinci ma ba zan ci ba ranar."

Kuma wallahi ya ji. Ranar haye gada, Auta da kansa ya yi ta jidar buhunan taki a ka yana tsallakarwa, yana haɗa gumi yana tsokanar yayansa. Har akwatin sifanu ya sauke. Sannan ya hau, ya tayar, ya ɗago wa Inna hannu.

Tayoyin gaba suka hau lafiya. Na baya suna isa tsakiya, mai walda ya ga ƙarfen hagu ya lanƙwasa kamar ɗanyen kara. Ya buɗe baki zai yi ihu, amma ƙarar ta riga shi. Taraktar ta kife cikin rafin, Auta yana ƙarƙashinta.

Rafin bai kawo ruwa ba tukuna, yashi ne kawai. Shi ya sa, yana durƙushe yana jan hannun ƙanensa da ya riga ya saki, ya yi mamakin ruwan da ke jiƙa masa gwiwa. Ya ɗaga kai. Tsinin ƙarfe ya farke tayar baya, ruwa na ta bulbulowa daga cikinta, ya ƙi ƙarewa.

Sai a lokacin ya gane. Direbobin tarakta sukan cika tayoyin baya da ruwa don su yi nauyi su kama laka. Bayan an dawo daga sikeli Auta ya cika nasa, kamar yadda yake yi kowace damina. A wurinsa wannan ba kaya ba ne, taya ce. Shi kuwa mai walda ko kusa bai yi tunanin tambaya ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, ya tarar da Inna zaune a ɗakin Auta, ta rungume rigar aikinsa mai warin man dizal. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube shi ba.

"Yaron nan duk abin da ka ce ya yi," ta ce. "A kan idona ya sauke buhunan. Kai ka ce za ta ɗauke shi."

Maganar ruwan ta zo masa har bakin harshe. In ya faɗa, zai wanke kansa, laifin ya koma kan wanda aka binne ɗazu. Ya dubi yadda ta ƙanƙame rigar.

"E, Inna," ya ce. "Ni na ce."